Bayan Zaure, Ina Mara Kuɗi Zai Zauna?

Sababbin gidajen da ake ginawa a Matsinkai ba su da zaure. Wanda ya samu kuɗin shinkafa ko na fataucin bakin iyaka, bulo yake sayowa, ya ja katanga doguwa, ya kafa ƙyauren ƙarfe mai faɗin da mota za ta shiga, ya rufa kwano mai launi. Gida ya yi kyau, babu mai musu. Ba ya yoyo da damina, ba ya neman yaɓe duk shekara. Amma in ka zo wurin maigida, ƙarfe za ka buga, ka jira a rana. In ya fito ku gaisa a tsaye, in ba ya nan ka juya. Duk inda sabon gini ya tashi a ƙasar Bagudo, daga Zagga zuwa Illo da Kaoje, salon ke nan. Ba wanda ya yi shelar a daina zaure. Ɗaya bayan ɗaya suka zube, aka kwashe ƙasar, aka tayar da shago a gurbinsu.

Zaure na maigida ne, shi ya gina, shi ke gyara, amma inuwarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Baƙon da dare ya yi wa a hanya nan yake kwana. Nan wanzami ke aski, nan ake ɗinkin hula, nan ake sasanta rigimar iyakar gona. Kuma a garuruwanmu, nan littafi yake zama.

Zauren da na fi sani na wani malami ne a unguwarmu, Allah ya jiƙansa da rahama, tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. In ka shigo daga zafin bazara, sanyin daɓe ne ke fara tarbar tafin ƙafarka. Azarar sama hayaƙin fitila ya baƙanta ta, tsattsewa sun yi sheƙa a tsakani. A kusurwa randa ce da moɗa a kan marfinta, kowa ya sha, ba a tambaya. Alluna jingine da bango, kusa da su ƙoƙon tawada mai warin gawayi da ƙaro, da alƙaluman kara da malam ke feƙewa da 'yar aska. Littattafan suna cikin gafaka, rataye sama don gudun gara. Ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne rarrabe, sun yi jaja-jaja, gefensu cike da ƙananan rubuce-rubuce na hannu daban-daban: na malam, na malaminsa, na wani da ba wanda ya san sunansa.

Bayan la'asar manya ke zuwa ɗaukar karatu. Wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wanda ya yi nisa da Risala. Ɗalibi ya ja Larabcin, malam ya bi shi da fassara gaɓa-gaɓa, ɗalibi na cewa na'am. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sahun baya. Masunci da ya dawo daga ruwa, manomi da laka a ƙafa, Bafillacen da ya shigo cin kasuwa, Badandin da Hausarsa ba ta gama nuna ba, kowa ya tuɓe takalmi ya samu gefen tabarma. Ba littafi a hannunsu, ba wanda ya rubuta sunansu, ba ko sisin kwabo da suka biya. Da yawa daga cikin abin da dattawanmu suka sani na tsarki da ciniki da rabon gado, a sahun bayan nan suka tsince shi da kunne.

Da dare kuma zauren ya canza sana'a. Wani direba ko malamin makaranta ya taho da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta kwana biyu a hanya, ta sha ninki. Sai a nemo ɗan firamare. Sau da yawa ni ne. Wani tsoho ya matso da fitilar ƙwai ya ce, "Zamna nan, ɗana, karanta muna mu jiya." Ina ja ina tuntuɓe, su kuwa da ba su san baƙi da wasalin boko ba su ke gyara mini, don sun san garuruwan, sun san mutanen, sun san ba a faɗin abu haka. In labari ya ƙare sai musu ya tashi. Wani ya ce gwamnati ta yi daidai, wani ya ce bari dai mu ji abin da BBC za ta ce, a kunna rediyon da aka shanya baturansa a rana. Jarida ɗaya ta ciyar da kunnuwa cike da zaure, kashegari ta koma wani zauren, daga ƙarshe ta ƙare a hannun mai ƙosai. Wasiƙun 'yan ci-rani daga Kumasi da Kwatano da Legas ma nan ake kawo su, na ajami wurin malam, na boko wurinmu.

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba. Ƙasarmu ƙasar Gwandu ce, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, bai aje alƙalami don sarauta ba. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'wili, har yau ana karanta shi. Babu injin ɗab'i a ƙasarmu a lokacin. Ɗalibi ke aron littafin malaminsa, ya zauna ya juye shi da hannu, ya mayar. Fataken da ke bin hanyar Gwanja suna ƙetare Kwara ta wajen Illo, ba kanwa da tufafi kaɗai ke cikin kayansu ba, har da malamai da gafakokinsu. Alhaji Umaru na Salaga, wanda asalin gidansu Kabi ne, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya gangara kudu har ya zauna a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934, ya bar tarin rubutu da Larabci da Hausa. Tun kafin a zana iyaka tsakaninmu da Benin, littafi ya san hanyar nan.

To, amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma barar ma tana da nata. Yayyena mata ta zauren nan suke wucewa da tulu a ka, su durƙusa su gaida malam, su shige. Da yarinya ta tasa an gama da ita, sahun baya ma ba ta da wuri a ciki. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ga wannan giɓi tun tuni, shi ya sa ta tsara 'yan taru, ta naɗa mata masu muƙamin jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. A unguwarmu dai, wadda ta yi sa'a ita ce mai mijin da zai zauna ya koya mata da dare, kuma irin waɗannan mazan ba su da yawa.

Littafin kansa ba a sakin sa. Malam ba ya ba da aro sai ga wanda ya yarda da shi ƙwarai, kuma yana da hujja, tun da in warƙa ɗaya ta ɓace ba inda za a sayo ta. Abin da ke cikin gafaka fikihu ne da nahawu da madahu. Babu littafin ciwon shanu, babu na lissafin gona. Sannan zauren duka a kan ran mutum ɗaya yake tsaye, da kuma halinsa. In kun saɓa da maigida ka rasa wurin zama. Da siyasa ta shigo, zamanin NPN da GNPP, akwai zaurukan da mutum bai isa ya taka ba saboda hular da ya sa. Ranar da malam ya cika, magada suka raba littattafan tare da sauran gado, wasu suka bi wannan ɗa, wasu suka bi wancan, gara da ruwan damina suka gaji saura.

Abin da ake nufi da laburare na jama'a shi ne zauren da aka cire wa waɗannan cututtuka: ba na kowa ba ne balle ya kore ka, ba ya mutuwa da mutuwar wani, mace da namiji duk suna da hakki a ciki, kuma littafi ana ba da aronsa.

Hukuma ta taɓa gwadawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka sa hukumomin En'e su buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa. Ba don Allah suka yi ba, labarin yaƙi suke so ya isa ga mutane yadda su suke son a ji shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ma, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kan kujerar edita, ta yi wannan aikin. Duk da haka ɗakunan sun tsaya bayan yaƙi. A 1952 aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Shekarun nan ne na Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA na buga ƙananan littattafai masu araha, kowane lardi da jaridarsa, tamu ta Sakkwato Zaruma ce. A 1963 aka ɗauko wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan abin da Arewa ke bukata ta fannin laburare. Ba a daɗe ba aka raba Arewa jihohi shida a 1967, aka raba littattafan su ma. Kowace jiha ta kafa hukumarta, tamu tana Birnin Kebbi. Sai dai abin ya tsaya inda motar gwamnati ke tsayawa. Ɗan ƙauye ba ya sayen man babur ya yi tafiyar rabin yini don ya karanta shafi goma.

Na taɓa shiga wani ɗakin karatu na gwamnati a wani babban gari. Kantocin cike da ƙura, littattafan kimiyyar ciki sun girmi iyayen yaran da ke zaune, fanka ba ta motsi, tagar ɗaya an toshe ta da kwali. Amma kujera ko ɗaya babu ta banza. Na duba, kusan ba mai karanta littafin ɗakin. Kowa da nasa ya zo, tsofaffin tambayoyin WAEC da littafin rubutu. Na tambayi wata yarinya me ya sa ba ta zauna a gida ta yi karatunta ba. Ta ce, "Baba, a gida da na buɗe littafi sai a ce in karɓi goyo ko in kai niƙa." Kujera ta kawo ta, da shiru, da sa'o'in da ba mai aikenta. Masu cewa laburare ya mutu tun da littafi ya koma cikin waya ba su ga ɗakin nan ba.

Waya kam ta yi mana rana, kada mu yi butulci. Saurayin Matsinkai na yau yana yawo da rubutu a aljihu wanda ya fi na gafakokin malam duka: Alƙur'ani da tafsiri, farashin buhu a kasuwanni, darasin Turanci da na Faransanci. Matan da zaure ya hana wa wuri su ne suka fi cin riba. Tun ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka fara shiga cikin gidaje, ana karɓo haya ta hannun yara, yanzu kuma ta WhatsApp suke zuwa babi-babi. Mace na iya aika wa mijinta da ke Kwatano saƙon murya ba tare da ɗan maƙwabta ya ji sirrin ɗakinta ba. Ni da na karanta wasiƙun mutane ina yaro na san abin da aka hutar da su. Akwai maganganun da bai kamata su bi ta bakin ɗan firamare ba.

Sai dai a lissafa abin da zama ke ci a yau. Data kuɗi, caji kuɗi. Gidan kallon ƙwallo sai ka biya a ƙofa. Teburin mai shayi majalisa ce mai daɗi, amma in ka daɗe ba ka ce a haɗa maka ba, za ka ji idon mai shayi a jikinka. Makaranta da an tashi an rufe. Masallaci na ibada ne, kuma da yawa yanzu ana kulle su tsakanin salloli saboda ɓarayin lasifika da baturi. Gindin bishiya na nan, sai dai ba ya tare ruwa, ba ya tare ƙurar hunturu, ba fitila bayan magariba. Wanda aljihunsa ba komai, ɗalibi ne ko tsoho ko wanda aiki ya yanke wa, kusan babu rufin da zai shiga ƙarƙashinsa ya zauna yini guda ba a tambaye shi me zai saya ba. Ita kuwa mace, ko da kuɗin, ba ɗaya cikin wuraren nan da ya dace da ita.

Karatun waya kuma karatun kaɗaici ne. A zaure in ƙarya ta shigo takan ci karo da wani tsoho da zai ce, "Kai, ba haka ba ne, ni na taka wurin da ƙafata." Yanzu labari daga waya yake faɗawa waya, ba ya bi ta gaban kowa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, mu da Lolo da Tsamiya ke kusa da mu mun sha jita-jita: gobe za a buɗe, jibi za a buɗe, an ce, an ji. Kowa da saƙon muryar da aka turo masa, ba wanda ya san bakin da ya fara faɗa.

Ga kuma takardun zamani. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, kuma akwai yaran ƙauye da ranar jarrabawa ce ranar da suka fara ɗora yatsa a kan madannai. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, kuma shiga irin wannan shiri sai da asusun banki da lambar BVN da cike fom. Manomin da ya san fadamarsa taku-taku sai ya koma hannun mai shago, ya biya a cike masa abin da ba zai iya dubawa ba. Aikin da ɗan firamare ke yi kyauta a zaure ya zama sana'a.

Maƙwabtanmu na ƙetare sun bi wata hanya. A 1986 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara kafa cibiyoyin karatu da raya al'adu a garuruwan karkara, waɗanda ake kira CLAC, kuma a Benin aka fara. Daga baya suka bazu zuwa Nijar da Burkina Faso da Senegal da sauransu, yau sun haura 300. Tsarin ba shi da wuya: gari ya ba da ɗaki da masu kula, ƙungiya ta kawo littattafai da jaridu da kayan wasanni da na kallo. Suna da nasu rauni, tun da yawancin littattafan da Faransanci suke, ba da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa ba. Amma sun gane cewa ba sai babban birni ba. A Kenya ma hukumar laburare ta ƙasa ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a 1996, daga Garissa zuwa rugagen makiyaya. Duk wanda ya san dajin Kaoje ya san wa wannan dabara za ta yi wa amfani. Har ƙasashen da kowa ke da intanet a gida ba su rufe nasu ba. Finland ta buɗe wani katafare a Helsinki a 2018, har da kekunan ɗinki a ciki, don sun san ba littafi kaɗai ke kawo mutane ba.

Wani zai ce, mutanen da ambaliya ke cinye wa shinkafa, yadda ta yi a 2020, ga rashin tsaro, ga tsadar taki, ina su ina laburare? Tambayar tana da nauyi. Ni ma in laburaren irin na kwangila ne, dogon gini da allon suna da kwaɗo a ƙofa, gara a bar kuɗin a sayi magani. Wanda nake magana a kai ɗaki ɗaya ne. Benci da tabarmi, randa, sola da za ta ja fitila da fanka ta kuma yi caji kyauta, kwamfuta biyu ko uku. Littattafai na Hausar boko da na ajami, da Larabci da Turanci da Fulatanci, da Faransanci tun da sefa na yawo a kasuwanninmu. Ranakun mata daban, mace ce ke riƙe da ɗakin a ranakun, don maigidan da ke da kishi ya rasa abin cewa. Bayan la'asar a samu mai karanta wa waɗanda ba su iya ba, a bar su su yi musunsu. Magadan malamai da ke da ragowar warƙoƙi a cikin tsohon akwati su kawo a ɗauki hotonsu kafin gara ta gama.

Ɗakin ba zai maye gurbin zaure gaba ɗaya ba. Baƙo ba zai kwana a ciki ba, ba za a fito masa da tuwo daga cikin gida ba, kuma ma'aikaci mai albashi ba malam ba ne da ake zuwa neman albarkarsa. Wancan ya tafi tare da mutanensa. Za a saci littafi, wani zai yage shafi, baturin sola zai mutu wata rana. Duk wannan ya fi sauƙi a kan yarinyar da ba ta da inda za ta buɗe littafi, da saurayin da wurin zamansa kaɗai shi ne inda ake sayar da wani abu.

Kirana ga hakimai da dagatai, da shugabannin ƙaramar hukumar Bagudo, musamman kuma ga 'yan bokon garin nan da ke aiki a Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja, waɗanda da yawansu a zauren wani suka fara haɗa baƙi: in an haɗu taron ci gaban gari a sallar bana, a sa maganar nan cikin ajanda. A nemi ɗaki ɗaya kusa da kasuwa ko makaranta, ko da na haya ne. Kafin a sayi littafi ko bulo ɗaya, a fara tsayar da wanda zai riƙe makulli ya buɗe kullum a kan lokaci, da inda albashinsa zai riƙa fitowa.